Daga Man Shafawa Zuwa Farantin Sola: Yadda Masana Ke Shuka Tokar Zinki Kamar Gero

Duk wanda ya zagaya kasuwannin Damargu a ƴan shekarun nan, daga Tanut zuwa Belbeji, daga Bakin Birji zuwa Gangara, zai shaida cewa kayan sola sun samu layi nasu na kansu. Ga farantan sola manya da ƙanana, waɗanda muke kira fano, ga tocila da fitilu masu caji, ga rediyo mai ɗan faranti a bayanta. Can gefe kuma, a layin ƴan koli, ga tiren mata cike da man shafawa da hoda da sabulu da tozali. Mai karatu zai ɗauka babu abin da ya haɗa layukan nan biyu in ban da ciniki. To amma akwai wani farin gari da ke tsakaninsu, kuma a kansa za mu tsaya yau, domin masana sun fi shekara 20 suna aiki a kansa, sannan sunan aikin nasu, wato kalmar “nano”, ya riga ya fara isowa a jikin kwalaye, wani lokaci da gaskiya, wani lokaci don kawai a ƙara wa kaya kuɗi. Wanda jarinsa ke cikin irin wannan haja, ya kamata ya san abin da yake sara da abin da yake sayarwa.

Mece ce tokar zinki?

Zinki dai ƙarfe ne da kowa ya sani ko da bai san sunansa ba. Shi ne ake lulluɓa wa kwanon rufi da bokitin ƙarfe don kada su yi tsatsa, shi ne kuma jikin tsohon batirin tocila da rediyo. Tsofaffinmu suna kiran sa tutiya, kalmar da muka aro daga Larabci. Idan aka dafa ƙarfen nan har ya tafasa, a zafin da ya kai digiri 907, tururinsa yana haɗuwa da iska ya ƙone, ya zama farin gari mai laushi kamar hoda. Wannan garin ne muke kira tokar zinki. A jikin kwalabe da kwalaye, kayan Faransa suna rubuta Oxyde de zinc, kayan da suka zo ta Nijeriya kuma suna rubuta Zinc Oxide.

A shekarun 1840 ne wani ɗan kwangilar fenti a birnin Paris mai suna Leclaire ya yaɗa amfani da shi, saboda farin fentin da ake yi da dalma yana hallaka ma'aikatansa. Daga nan amfaninsa ya yi ta bazuwa. Mafi yawansa a yau yana tafiya ne wajen haɗa roba, don haka duk tayar mota ko ta babur da ke bin hanyar Damagaram zuwa Agadas, akwai shi a cikinta. Yana cikin man da ake shafa wa jarirai idan fitsari ya ci musu fata, yana cikin ruwan kalamin da ake shafa wa mai ƙaiƙayi, yana kuma cikin man kare fata daga rana. Hatta na'urar da ke kare layukan wutar lantarki daga tsawa, da curin tokar zinki ake yin cikinta.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne halinsa da wuta da kuma haske. Wayar tagulla tana barin wuta ta wuce ba tare da gardama ba, roba kuwa ba ta bari sam. A tsakaninsu akwai wasu abubuwa ƴan tsaka-tsaki, waɗanda ba su barin wuta ta wuce sai an cika musu sharaɗi, kamar a haska musu haske ko a ɗumama su. Su ne Turawa ke kira samikwandakta. Silikon da ke cikin fano da wayar salula yana daga cikinsu, tokar zinki ma haka.

Shuka a cikin kwalba

Kafin mu je ga shukar, sai mun san ma'aunin. Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin gashin kan mutum ya kai wajen nanomita 80,000. To bututun da muke magana a kansu, faɗin kowane ɗaya bai wuce nanomita ɗari ko ƴan ɗaruruwa ba, wato ɗaruruwansu za su jeru a faɗin silin gashi ɗaya. Ido ba ya ganin su, sai da madubin bincike mai aiki da wutar lantarki.

A 1991 wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, ya bayyana irin waɗannan bututu na sinadarin gawayi, daga nan sai masana suka shiga neman yin makamancinsu da wasu abubuwa. Shekarar 2001 ta zama ta tokar zinki. A jami'ar Berkeley da ke Amurka, Peidong Yang da abokan aikinsa suka tsirar da siraran sanduna nata a cikin tanderu mai zafin wajen digiri 900, suka kuma sa suka fitar da hasken leza. A shekarar dai, wani Bafaranshe mai suna Lionel Vayssieres, wanda ke aiki a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, ya nuna hanyar da ta fi sauƙi da araha, inda ya tsirar da bututunta a cikin ruwan da bai ma kai ga tafasa ba.

Ga yadda ake yi a yau, kuma duk manomin gero zai gane. Da farko ana samun gilashi mai tsabta, shi ne gonar. Sai a shafa masa ƙananan ƙwayoyin tokar zinki, su ne irin. Sai a tsoma shi a kwalbar ruwan da aka narkar da gishirin zinki da wani sinadari mai suna metenamin, a rufe, a ajiye a zafin wajen digiri 90 na tsawon awoyi. A hankali zinkin da ke cikin ruwan zai riƙa fita yana hawa kan kowace ƙwayar iri, sanduna su miƙe tsaye a jere kamar karan gero a tsakiyar damina. Kowace sanda tana da kusurwa shida, irin na saƙar zuma, domin haka ƙirar tokar zinki take. Yawan gishirin da zafin ruwan da tsawon lokacin, su ke yanke kaurin sandar da tsawonta, kamar yadda ruwa da taki ke yanke girman zangarniya.

Saura rarake ciki. Saman sandar ya fi gefunanta saurin narkewa, saboda haka idan aka bar ta a cikin ruwan da ya dace, misali ruwan gishirin fotash, sai ya riƙa cin tsakiyar daga sama zuwa ƙasa, ya bar bangon a tsaye. Haka yaro ke cire totuwar kara ya yi sarewa. Amfanin rarakewar shi ne, duk aikin da ake so garin ya yi, a fatarsa yake yin sa. Sanda tana da baya kawai, bututu kuwa yana da baya da ciki. Kamar rumfa ce mai fuska biyu, mai saye yana iya tsayawa ta nan, yana iya tsayawa ta can, alhali kuɗin haya ɗaya ne.

Cinikin haske

Yanzu mu zo ga inda matsalar take, kuma za mu faɗe ta da harshen kasuwa. Hasken rana da muke gani fari, haɗin launuka ne, su ne muke gani a bakan gizo. Kowane launi yana zuwa da ƙarfinsa, kamar masu saye ne kowa da kuɗin da ke hannunsa. Ja shi ne mai ƙaramin kuɗi, rawaya da kore sun fi shi, shuɗi ya fi su. Ƙasa da ja akwai hasken ɗumi wanda ido ba ya gani amma jiki yana ji. Sama da shuɗi da shunayya kuma akwai wani ɓoyayyen haske mai ƙarfi da ake rubutawa UV, shi ne mai ƙona fata.

Kowane ɗan tsaka-tsaki yana da farashinsa da ba ya ragi. Hasken da ya taya ƙasa da farashin, albarka za a ce masa ya wuce. Wanda ya kai farashin, a sallama masa, wato a haɗiye shi, ƙarfinsa ya tayar da wata ƙwayar wuta da ake kira ilaktiron, ta tashi daga mazauninta ta kama tafiya. Tafiyar waɗannan ƙwayoyi ita ce wutar da ke kunna fitila. Wanda kuma ya biya fiye da farashin ba a ba shi canji, rarar tana zama zafi ne kawai.

Tokar zinki mai tsada ce. Da ja da kore da shuɗi, duk albarka take ce musu, ba ta sallamawa sai ga UV. Shi ya sa take fara fat, domin duk hasken da ido ke gani tana mayar da shi. Shi ya sa kuma ta zama maganin rana a fata, tunda tana shanye mai ƙunar kafin ya shiga jiki. Amma ga mai neman wutar sola wannan asara ce, saboda UV bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na hasken ranar da ke isowa ƙasa ba. Ɗan kasuwar da ba ya sayar wa kowa sai mutum 5 cikin 100 da suka tsaya a rumfarsa, kowa ya san yadda zai koma gida da yamma.

Rini irin na masana

Dabarar da masana suka yi ita ce su nemo mata dillali. Sai su lulluɓe bututun da wani ɗan tsaka-tsakin mai sauƙin farashi, ciki da waje. Haɗin kadmiyom da farar wuta, wanda launinsa rawaya ne, yana karɓar shuɗi har zuwa bakin kore. Haɗin kadmiyom da seleniyom yana karɓa har zuwa ja. Haɗin dalma da farar wuta kuwa, har hasken ɗumi yana karɓa. Rufin ne ke yin ciniki da hasken, ya miƙa ilaktiron ɗin ga bututun, shi kuma bututun ya zame masa miƙaƙƙiyar hanya zuwa waya. Da a ce garin a barbaje yake, sai ilaktiron ya yi ta tsalle daga ƙwaya zuwa ƙwaya, da yawa su ɓata a hanya. Bambancin kamar na mai bin kwalta ne daga Tanut zuwa Damagaram da mai ratsa rairayi.

Yadda ake yin rufin, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina, ko a Ƙofar Mata ta Kano ko a wani gari, zai gane shi. Ana tsoma gilashin mai bututu a ruwa na farko, a ɗauraye, a tsoma a ruwa na biyu, a sake ɗaurayewa. Kowane zagaye yana barin siririn rufi, kuma yawan tsomawar ne ke sa launin ya ƙara kamawa, kamar yadda marini ke maimaita tsoma zane a baba har ya zama baƙi. A Faransa aka ƙirƙiro wannan hanya a 1985. Farin gilashi yana komawa rawaya, ko ruwan goro, ko ja mai duhu, gwargwadon abin da aka rufa masa da kaurinsa. Idan rufin ya yi siriri da yawa ba ya kama haske sosai, idan ya yi kauri da yawa ya toshe bakin bututun. Gwanintar tana wajen sanin inda za a tsaya.

Akwai wani abin mamaki kuma. Idan ƙwayoyin rufin suka yi ƙanƙanta ƙwarai, ƴan nanomita kawai, farashinsu yana canzawa da girmansu, ƙarama ta fi babba tsada. Abu ɗaya sai ya ba da ja idan ƙwayar babba ce, ya ba da kore ko shuɗi idan ƙarama ce. A kan gano wannan da iya sarrafa shi ne aka ba Alexei Ekimov da Louis Brus da Moungi Bawendi kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2023.

Ba kullum ake rufi don ƙara kama haske ba. Tokar zinki idan aka haska mata UV tana mayar da nata hasken, amma taɓon da ke jikinta yana sa wani ɓangare ya fito kore-kore, ƙarfin ya rarrabu. Idan aka yaɓe ta da haɗin zinki da farar wuta, a gwaje-gwaje da dama taɓon fatar yana rufuwa, hasken ya fito da tsabta. Aikin yaɓen rumbu ke nan, a toshe tsaga don kada hatsi ya zube.

Tozali, rediyo da dalma

Ƴan uwa mata, a nan maganar ta iso tirenku. Wancan haɗin dalma da farar wuta da muka ambata, ba baƙo ba ne a gidajenmu. Shi ne baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali ko kwalli na gargajiya, wanda masana ke kira galena. Ana haƙo shi a wurare irin su Abakaliki da Zurak a Nijeriya, kuma sau da yawa a rami ɗaya ake samun sa da dutsen zinki. Mu ma'aikatan rediyo muna da tarihi da shi. A 1874 wani Bajamushe, Ferdinand Braun, ya gano cewa irin wannan dutse yana barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, kuma da shi aka yi ƙananan rediyoyin farko a farkon ƙarni na 20, waɗanda ba su bukatar batir. Ɗan guntun dutsen tozali da siririyar waya da abin sawa a kunne, shi ke nan mutum ya kama tasha.

Sai dai dalma guba ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata da ba ya cutarwa a jikin mutum. Ta fi yi wa ƙananan yara illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Idan mai karatu bai manta ba, a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sanadiyyar niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. A 2012 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka gano daga tozalin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Yaro yana murza ido, ya kai hannu baki. Ta nan take shiga. Ba muna cewa a daina kwalliya ba ne, amma tozalin dutse ba na idon jariri ba ne, ba kuma na cibiyarsa ba ne, mai ciki ma ta nisance shi. Mai niƙawa don sayarwa kada ta yi a turmin abinci ko kusa da yara, ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa tuwo. Kadmiyom ma guba ne mai lalata ƙoda, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa masana ke neman rufin da ba shi da waɗannan ƙarafa biyu.

Me ya iso kasuwa, me bai iso ba?

A nan ne ɗan kasuwa zai buɗe kunne. Bututun tokar zinki masu rufi har yanzu aikin ɗakin bincike ne. Fano mai kyau na silikon yana mayar da wajen kashi 20 cikin 100 na hasken rana ya zama wuta, yana kuma iya shekara 20 ko fiye yana aiki. Akasarin ƙananan na'urorin gwaji da aka yi da bututun zinki ba su kai rabin wannan ba, ba su kuma da irin wannan juriya, domin ruwa mai tsami yana cin tokar zinki, rufin ma yana lalacewa da daɗewa a rana. Saboda haka wanda ya kawo maka fano ya ce na bututun nano ne, ya ninka maka kuɗi, kada wannan kalma ta sa ka biya. Ka nemi a gwada maka wutar da yake bayarwa a rana, da mita, a gabanka.

Abin da ya iso shi ne dangin dabarar. Ka ɗauki tocilar da ke rumfarka, ka kashe ta, ka duba idonta, za ka ga ɗan ɗigo rawaya. A ƙarƙashinsa akwai ƙwaya mai ba da shuɗin haske, rawayan rufin kuma yana shanye wani ɓangare na shuɗin ya mayar da shi rawaya, haɗuwar biyun ce ido ke gani fari. Ba zinki ba ne a ciki, amma tunanin ɗaya ne, wato a canza haske da rufi. Masana uku ƴan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka samu kyautar Nobel a 2014 a kan shuɗiyar ƙwayar. Ita ce ta kori fitilar kananzir daga teburin mai shayi da na mai tsire. Haka kuma akwai wani nau'in fano mai siririn rufi da ake shimfiɗa wa tokar zinki a sama a matsayin tagar da haske ke ratsawa, sannan wasu talabijin na zamani suna amfani da ƙananan ƙwayoyin nan masu canza launi.

A man kare fata kuwa, nano gaskiya ce. Tsohon man zinki yana barin fari a fuska kamar an shafa alli, amma idan aka mayar da ƙwayoyin ƙanana ƙwarai, farin yana raguwa, kariyar tana nan. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2016, bisa sharaɗin kada ya wuce kashi 25 cikin 100 na man, kuma kada a sa shi a abin fesawa da mutum zai iya shaƙa. Wannan mai yana da muhimmanci ga ƴan uwanmu zabiya, waɗanda ranar Damargu ke iya jawo musu kansar fata. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kare rana a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Mai sayar da kayan shafa da ta ajiye na gaskiya, ta taimaki bayin Allah kuma ta ci riba. Kada dai a haɗa shi da man bilicin, wanda wani yake ɗauke da sinadarin makyuri. Man zinki ba ya canza launin fata, kare ta yake yi.

Ranar da muke da ita

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da gero tiya-tiya da binciken Amurka da Suwidin? Amsar tana cikin abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki bayan juyin mulki, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa a lokacin. Masu ƙanƙara da masu niƙa da teloli da masu cajin waya sun ji a jikinsu, wanda ke da fano kuwa ya ci gaba da sana'a. Matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, a cikin gundumar Tanut take, amma man sai an saya. Rana kuwa kyauta take faɗowa a kan kowane rufi daga Tarka zuwa Tenhiya.

Ba yau ƴan ƙasar nan suka fahimci haka ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da murhun girki masu aiki da rana. Ya rasu a 1991. Bayansa an buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023. Abin da ya sa muka ce binciken tokar zinki ya shafe mu shi ne arahar hanyarsa. Tace silikon yana bukatar masana'anta ta biliyoyin kuɗi, shuka bututun zinki kuwa kwalba ce da gishiri da ruwan zafi, aikin da ɗakin binciken jami'a irin ta André Salifou da ke Damagaram zai iya somawa idan an ba shi kayan awo. A jami'o'in Nijeriya ma an sha gwada ruwan zoɓo da lalle a matsayin rinin kama haske, ko da yake wutar da suke bayarwa kaɗan ce.

Akwai kuma maganar ruwa, wadda kowane ɗan Damargu ya san zurfin rijiyarta. A ɗakunan bincike an nuna cewa tokar zinki idan rana ta haska ta tana wargaza wasu dattin sinadarai, tana kuma kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwa, rufin nan kuma yana sa ta yi aikin da hasken da ido ke gani. Wannan ma gwaji ne tukuna. Kada wani ya zuba garin a randa ya ce magani ne.

Abin da za mu riƙe

Alhaji mai kayan sola, a irin ƙurar hunturunmu, goge fuskar fano da tsumma mai laushi da sassafe ya fi duk wata kalma da aka rubuta a kwali amfani. Mataccen batir, babba ko ƙarami, kada a fasa shi a tsakar gida ko a jefa shi a wuta, domin dalma ko kadmiyom na cikin da yawansu. Masu walda da masu yanka kwano da wuta, farin hayaƙin nan da ke tashi tokar zinki ce, shaƙarsa tana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare, sai a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa.

Hajiya mai kayan shafa, ki riƙa duba bayan kwalba kafin ki sara, ko ki ba yaron da ke zuwa makaranta ya karanta miki. Man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ba a rubuta inda aka yi shi ba, ki bar wa mai shi kayansa komai arahar sa. Ki kuma bambance man zinki na shafawa da ƙwayar zinki ta sha, wadda likita ke bai wa yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari na kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004. Na shafawa ba a sha, na sha kuma a wurin ma'aikatan lafiya ake karɓa.

Ga iyaye kuma, yaron da ke kwance tocila yana son ya ga abin da ke ciki, kada a yi saurin dukan sa. A tura shi makaranta, mace ko namiji, a bar shi ya kai inda zai iya kaiwa. Abdou Moumouni ma daga Tasawa ya tashi. Allah Ya sa wa kasuwa albarka, Ya tsare mana zuriya, Ya ba mu damina mai kyau, amin.